An ba Bitrus wa'azin Kirsimeti

Ƙanena Iliya,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar Saratu? Mu nan Libreville darajar kuɗin sefa ta faɗi, ana kwashe baƙi marasa takardar zama, har fastonmu an kora.

Sai aka ba Bitrus, wani ɗan majami'armu, wa'azin Kirsimeti, wai shi ya iya karatu. Ni da na girme shi a majami'ar nan! Wata mata ta tambaye shi, don me sai budurwa za ta haifi Mai Ceto? Ya kama juya takardu. Na ce ƙasa-ƙasa, "Wanda namiji ya haifa ya yi gadon zunubin Adamu. Yana cikin rijiya tare da mu, yaya zai fid da mu?" Bitrus ya maimaita maganata da ƙarfi, aka yi masa tafi. Shi fa!

A gai da kowa. Ku sa ni a addu'a, har yau bakina ya ƙi gaishe shi.

Wanka,
Dauda