Hulunan da Inna Ke Saƙawa

Yaya,

Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, ina zuwa aiki.

Ƙullutun nan na nonona, likita ta ce ciwon daji ne. Kar ki yi kuka, wai nawa da sauƙi: sinadarin jikin mace ke ciyar da shi, kuma akwai ƙwayar da ke toshe masa hanya. Sai dai muddin ina sha babu ɗaukar ciki, kuma shekaru za a kwashe. Ni kuwa ga shi shekaruna talatin da takwas.

Kafin ƙwayar, akwai allurai masu zubar da gashi.

Ki lallaɓa Inna ta ajiye hulunan jariran da take saƙa min. Ta saƙa babba guda, daidai kaina. Ki ce mata sanyi ake yi a nan.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki