Awartakin Maigida

Litinin, 3 ga Maris
An kafa allo yau. Asibitin haƙori, ga sunan Autata da "Likita" a gabansa. Na tsaya tsallaken titi ina kallo har mai facin taya ya ce in zauna kar mota ta kwashe ni. Ni da karatuna ya tsaya a sakandare, na fara da wanke kayan aiki a bayan asibitin wani. Yau gini nawa ne, likita 'yata ce. Ɗakin wanke kaya kuwa na ce kar wanda ya taɓa min.

Laraba, 5 ga Maris
Na gwada sabuwar tukunyar tururi. Na jiƙa kaya, na bi su da buroshi a cikin ruwa, na ɗauraye, na busar, na naɗe kowane awartaki baki a buɗe don tururi ya shiga ko'ina. Auta ta leƙo ta ce, "Baba, ɗakin nan ya fi na makarantarmu tsabta." Na ce ban ji ba. Ta maimaita.
Haƙorin ƙurya na hagu yana ɗan zugi. Ba wani abu ba ne.

Asabar, 8 ga Maris
Na fito da awartakin marigayi maigidana, likitan da na yi wa aiki, wanda ya ba ni ranar da ya ajiye aiki. Na ce da shi za a cire haƙori na farko a gidan nan. Auta ta kai shi ƙarƙashin fitila, ta buɗe, ta nuna min wani ɗan rami a gaɓarsa. Wai tsatsa ce ta ci, jini zai laɓe a ciki, buroshi ba zai kai ba. Ni za a koya wa buroshi! Na ce, "Ke, ƙarfen nan ya girme ki." Ta ce, "Shi ya sa ya kamata ya huta, Baba." Yaran yanzu.

Lahadi, 9 ga Maris
Na kasa tauna nama. Uwar yara ta ce ko ƙwai na ɓoye a kumatu.

Talata, 11 ga Maris
Uwar yara ta kai ƙarata. Auta ta tsare ni a ƙofa, ta sa na buɗe baki. Sai an cire. Wato ni ne na farko! Duk tsawon aikina ban taɓa hawa kujerar nan ba, goge ta kawai nake yi. Ta ce, "Kai za ka haɗa tiren, Baba. Awartakin da ka sa, da shi zan cire." Na ce ai magana ta ƙare.

Laraba, 12 ga Maris
Na wanke na maigida har yana ɗaukar ido. Kafin in naɗe, don dai in rufe bakin yarinyar nan, na zura kan allura a cikin ramin. Wani baƙin abu ya fito. Bayan duk gugar da na yi. Na daɗe ina kallonsa, harshena yana taɓa haƙorin.
Sabon awartaki na sa a tire. Mariƙinsa ya fi dacewa da hannunta, shi ke nan.

Alhamis, 13 ga Maris
An cire! Ta buɗe naɗin, ta kalli awartakin, ta kalle ni, ta ci gaba da aikinta. Yarinya mai tarbiyya. Hannunta sam ba nauyi, wallahi ko maigida bai kai ta ba, Allah Ya jiƙansa. Uwar yara tana ta yaɗa cewa ta ji ihuna daga baranda. Ƙarya ce, gyaran murya na yi. Da auduga a baki na koma na wanke kayan da kaina.

Asabar, 15 ga Maris
Ba kumburi, ba zazzaɓi. Aikin 'yata, wankina.
Na buga ƙusa a saman wurin wanki na rataye awartakin maigida. Bangon ne ya yi fayau da yawa. Da safe na bi gaɓar kowane ƙarfe a ƙarƙashin fitila, na ware wasu tsofaffi gefe. Ba wanda ya sa ni. Ra'ayina ne tun asali.