An Sare Ɗorawa Don A Ga Tuta

Zuwa ga Shugaban Majalisar Gundumarmu da wakilansa,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa da ban girma, ina kuma yi muku barka da sabuwar tuta. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Na ɗaya. Ni ban ga tutar ba, don ina cikin takaba, maigidana ya rasu bayan girbi. Maƙwabciyata ce ta ba ni labari. Ta ce an ɗinka tambarin majalisa a tsakiya: damin dawa, da saniya, da ƙatuwar bishiyar ɗorawa koriya shar. Wai telan ya iya aiki, har 'ya'ya ya yi mata. Madalla.

Na biyu. Ɗorawa biyu Malam, maigidan nawa, ya bar mana a bakin filin da kuka kafa sandar tuta. Filin naku ne, ban musa ba. Amma ranar da aka karɓe shi, a gaban dagaci aka ce itatuwan namu ne. Da kalwarsu nake yin daddawa ina aikawa kasuwar Kwanar Dangora, da ita nake ciyar da 'yan mata uku.

Na uku. Ranar Talatar da ta wuce ina ɗaki na ji sara. Na gane inda ƙarar take fitowa. Na zo har zaure na tsaya, ba ni da halin fita. Tun hantsi ake saran ɗaya daga cikin ɗorawan har azahar. A gindinta Malam yake shimfiɗa buzunsa in ya taso daga gona. Da ta faɗi na aika a tambayi laifinta, aka ce tana kare tuta, in Di'o, Baturen mulki, ya wuce a mota ba zai hango ba. Wato an sare ɗorawa don Bature ya ga irin ƙaunar da muke yi wa ɗorawa.

Na huɗu. Jiya an shafa wa ta biyun jan fenti, alamar ita ma za a sare ta, ga ta cike da fure.

To, ranku ya daɗe, ta jikin tutar a wane wata take nuna? In tana ba da kalwa, a aiko mini ko kwano guda ne in sa wa yara a miya. Fulanin gefenmu ma ya kamata a gaya musu su ja shanunsu nesa, tunda saniya ta shiga tambari.

Roƙona kaɗan ne. A kankare fentin nan. Icen wadda aka sare a kawo ƙofar gidana, kada ya ɓace a hanya kamar yadda rassan suka ɓace. Sandar kuwa a matsar da ita gabas taki ashirin. Ba ta da saiwa, mutum huɗu sun isa.

Allah ya ƙara muku girma, ya tsare tutarku daga iska da gara, ya ba ku inuwa ranar da kowa zai nemi inuwa.

Wassalam.

Hajara mai daddawa