Baƙin Salatif a Kan Agogon Inji

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya. Ya ƙafar? Ina fatan kana motsa ta yadda likita ya ce, ba ka jingine sanda ka zauna kana ba maƙwabta labarin hanya ba. Ka gaishe mini da matarmu, ka ce mata har yau ban yafe ƙwace mini kai da ta yi ba.

Labarin da zan ba ka babu daɗi: za a cire wa Gwaggo inji. Motar da muka raɗa wa wannan suna saboda mitarta a kan tudu, yau shekara ashirin da bakwai, ta fara shan dizal kamar an huda tankin. Masu kayan da nake ɗaukar wa lodi su ke zuba mai, kuma sun gaji. Sun ce in canza inji, su ba ni tafiya uku su gani. Idan shan bai sauka ba, za su ba wani hanyar. Ka san hanyar nan, kwana uku zuwa, uku dawowa, ita ce kaɗai abin da na iya a duniya.

Inji biyu mai gareji ya nuna mana ni da 'yarka Auta, wadda tun da ta gama koyon kanikanci ta daina jin maganata. Akwai babba, mai ƙarfin doki ɗari biyar da hamsin, in aka tayar da shi har kwanon rufi sai ya amsa. Raina ya biya. Auta ta nuna ƙaramin, ta ce kayanmu ba su kai nauyin da zai buƙaci wancan ba, kuma hanyarmu shimfiɗaɗɗiya ce in ban da tudu biyu. Ta ce a haɗa shi da sabon aksul na baya, ƙarfen da ke juya tayoyi, yadda mota za ta yi gudunta inji yana juyawa a hankali, a sa hular kare iska a kan rufi, a riƙa duba iskar taya kowace safiya. Na ce injin nan ba ya magana. Ta ce ai ba hira za mu yi da shi ba. Ita ta yi nasara, don halinka ta ɗauko.

Da ake kwance allon gaban mota na ga baƙin salatif ɗin da ka liƙa a kan agogon da ke nuna juyin inji ranar da ka fara ba ni sitiyari. Ka tuna abin da ka ce? Direba da kunne yake tuƙi, mai kallon agogo ɗan koyo ne. Ban taɓa ɗaga shi ba, Yaya. Na sa an ajiye mini allon a kan kanta, na ce kowa ya taɓa shi ni da shi ne.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninka,
Dogo

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin, ya mutanen gida? Mu lafiya lau, sai dai zuciyata ba ta kwance.

Na yi tafiya biyu, kuma shan mai bai sauka ba, sai ma abin da ya ƙaru. Masu kaya sun kira ni ofis, suka ba ni kujera da ruwan sanyi. Ka san in aka fara girmama direba haka, sallama ce ke tafe.

Laifin nawa ne. Sabon injin ya zo da nasa agogon, ni kuwa ina fita daga gareji na tsaya na liƙe shi da salatif, yadda ka koya mini. Na ce injin da ba zan iya tuƙa shi da kunne ba bai isa ya zauna a cikin Gwaggo ba. Sai na riƙa taka totur har sai na ji muryarsa kafin in canza giya.

Jiya Auta ta jona kwamfutarta a jikin motar, ashe injin nan yana rubuta duk abin da aka yi masa, munafuki. Ta ga inda ya kamata ya riƙa juyi dubu ɗaya da ɗari biyu a minti, ni ina kai shi dubu ɗaya da ɗari takwas, yini guda. Ta leƙa ta ga salatif ɗin. Ina tsugune ina duba taya sai na ji hannu a kafaɗata. Na waiwayo na ga idonta ya cika. Ta ce, “Baba, sau huɗu na kira ka.”

Abin da ban faɗa wa kowa ba ke nan, har uwarta. Kunnena na gefen taga ya tafi tun bara waccan, ɗayan ma yana bin sa. Ba don ƙarfi na so babban injin ba, don shi kaɗai nake iya ji. Tsohon injin Gwaggo kuwa ko ban ji shi ba, na san shi a kujera da tafin hannu.

Saura tafiya ɗaya. Auta ta ce in cire salatif in bi allura, shi ke nan. A wurinta abin wasa ne. Ni kuwa gani nake in na cire shi na sauke ka daga motar, kai da ka yi shekara goma sha tara a kujerar gefena kana zagina. Ba zan taɓa shi ba sai da izininka. Ka sa matarmu ta rubuto mini, ko layi ɗaya ne.

Naka,
Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa matarmu sannu da rubutu. Ta ce sau biyu tana ajiye biro don dariya ta hana ka magana. Allah ya bar ku tare, amma kai Allah ya isa tsakanina da kai.

Sau uku na karanta takardar. Wato agogon a mace yake tun ranar da muka sayi motar, ka nemi irinsa ka rasa, kuma ba ka so ƙaninka ya ga ka sayo mota da nakasa, shi ne ka liƙe shi ka ƙirƙiro mini karin magana! Ni kuma na ɗauke ta na yi ta raba wa direbobi a wuraren hutu, har akwai waɗanda suka liƙe nasu lafiyayyu saboda ni. Wa zai ɗauki alhakinsu?

Ban yarda ba sai da na je gareji na sauko da tsohon allon. Salatif ɗin ya bushe, da ƙyar na ɓanɓare shi da farce. Ga allura kwance a kan sifili, ƙura ko ɗaya babu a gilashin. Na yi dariya har mai gareji ya leƙo, daga nan kuma abin ya juye mini, na zauna a kan tsohuwar taya na daɗe.

Na cire wanda na liƙa a sabon agogon, na yi tafiya ta uku ina kallon allura kamar ɗan koyo. A tudun farko ƙafata ta yi ta ƙaiƙayi in sauke giya, na daure, motar ta haye abinta ba mita. Da na dawo aka auna, an samu ragin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Masu kaya sun bar mini hanyar, wannan karon ko ruwa ba su ba ni ba. Auta ta kai ni wurin likitan kunne, za a sa mini na'ura sati mai zuwa.

Motar ta yi shiru da yawa, Yaya. Yanzu na gane ba ƙarar injin kaɗai nake kewa ba. Da ƙafar ta yi kyau ka zo mu yi tafiya ɗaya, ka zauna a kujerarka. Sai dai ka ɗaga murya in za ka zage ni.

Ga salatif ɗinka nan a cikin ambulan. Na riƙe maka shi shekara ashirin da bakwai, na dawo da amana.

Ƙaninka, ɗan koyo,
Dogo