Manhajar Mijina Ta Ƙi Yarda 'Yarmu Ta Rasu

Assalamu alaikum Hajiya Batulu. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin da ke cina ko mahaifiyata na kasa faɗa mata.

Ni malamar kwamfuta ce a nan Birnin Kudu, maigidana kuma rubuta manhaja ce sana'arsa. Shi ya yi wa wani ƙaramin asibitin haihuwa mai zaman kansa, mai reshe a Gwaram, manhajar da ke tura wa iyaye saƙo idan lokacin rigakafin yaro ya yi. Da muka haifi Nasiha sunanta ya fara sakawa, yana ta tsokanata wai 'yarsa ce lamba ɗaya a duk Jigawa. Da damina zazzaɓi ya kama ta, Allah Ya karɓi abarsa.

Ba a yi arba'in ba, ina cikin wanke shinkafa, saƙo ya shigo wayata wai in kawo Nasiha allura ranar Laraba. A wurin na durƙushe.

Ba laifin nas ɗin asibitin ba ne. Ta sa alamar rasuwa, na gan ta a fayil da idona. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da aka kunna manhajar sai ta karanto fayil ta sake gina bayanin kowane yaro. Mai ginin wani kayan aiki ne da maigidan ya ɗauko a shirye, shi kuwa ƙofa ɗaya ya sani, wadda ake bi wajen rajistar sabon jariri. Suna da ranar haihuwa kawai ƙofar take karɓa, sauran ta cike da kanta: yaro yana raye, ga ranar allurarsa. Alamar rasuwa a waje ake barinta. Gyaran shi ne a rubuta ƙofa ta biyu, a umarci kayan aikin ya riƙa bi ta nan idan daga fayil yake gini, ya ɗauki komai yadda aka ajiye shi. Shi da bakinsa ya ce aikin bai kai na yini ɗaya ba.

Har yau bai yi ba. Yau babu wuta, gobe data ta ƙare. Lambar wayata kawai ya cire daga jerin waɗanda ake tura wa saƙo. Rannan bayan la'asar na leƙa, na same shi ya buɗe manhajar ya zuba wa sunanta ido, ga koren ɗigon masu rai a gefe. Sai na gane ba wuta ba ce.

Makon jiya wata A'i daga Kangire ta hau acaɓa ta zo asibitin. Ba ta iya karatu ba, maƙwabciyarta ce ta karanta mata saƙon. Ta zo ta tambaya ko su a wurinsu ɗanta bai mutu ba.

Hajiya, na san kalmar sirrin kwamfutarsa, kuma zan iya gyaran. In yi ba da saninsa ba? Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa. Kuma don kada in ɗora masa shi kaɗai, ni ma saƙon yana nan a wayata, na kasa gogewa.

Uwa mai neman mafita, Birnin Kudu

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Nasiha, Ya sa mai ceto ce.

Mijinki ba mugu ba ne. Ke an zo miki gaisuwa kin yi kuka a cikin mata, shi kuwa an ce masa ya yi haƙuri shi namiji ne, sai ya samo inda zai riƙa ganinta. Amma wannan koren ɗigon ba a ɗakinsa ya tsaya ba, yana shiga gidajen mutane har Gwaram. Ba shi da haƙƙin lallashin zuciyarsa da hawayen A'i.

Kada ki yi gyaran a ɓoye. Idan ya buɗe ya tarar an canza, zai ji kamar an sake binne ta bai halarta ba, kuma ke zai riƙe a ransa.

Yau ɗin nan ki sa ya dakatar da tura saƙo gaba ɗaya, nas ta riƙa kiran iyaye a waya kafin a gyara. Sannan ki zaunar da shi. Kada ki fara da zargi, ki fara da nuna masa saƙon da kika kasa gogewa. Ki faɗa masa gyaran ba goge Nasiha zai yi ba, sunanta yana nan a lamba ɗaya. Idan hannunsa ya kasa, ke ki buga yana zaune kusa da ke. Na tambayi wata mai irin sana'arsa, ta ce ku fara gwadawa da sunan ƙirƙira, kuma idan ƙofar ta rasa alamar rai ko rasuwa a fayil, ta tsaya ta tambaya, kada ta yanke da kanta. Idan ya ƙi duk da haka, ki gaya masa a fili cewa za ki sanar da likitan asibitin.

Bayan nan ku shirya ku je Kangire ku biyu, ku yi wa A'i gaisuwa, ku ba ta haƙuri. Kada ku ja lokaci 'yata, wata Larabar tana tafe, kuma akwai uwar da wayarta ba ta yi ƙara ba tukuna.

Allah Ya sanyaya zukatanku, ke da shi da A'i.

Hajiya Batulu