Uban riƙo ma uba ne

Zuwa ga shugaban ofishin da ke tsara dokokin haraji,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni tsoho ne baƙo, mazaunin garin Springfield a nan ƙasarku, tsohon kuku, ban yi boko ba. Da baki nake faɗa, maƙwabcina yana rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Na ɗaya. Akwai 'yata Hajara, nas ce. Ba ni na haife ta ba. Ubanta aminina ne, tare muka zo ƙasar nan aikin girki. Ya rasu tana shekara huɗu, uwarta ta riga shi. A gadon asibiti ya kama hannunta ya sa a nawa. Mu a wurinmu shi ke nan, riƙo ya ɗauru. Ni na kai ta makaranta, ni na ba da aurenta. Yau ita ke ci da ni, har magani.

Na biyu. Bara na je gida na yi wata bakwai. Da na dawo, mai cika mata takardun haraji ya ce ba za ta sa ni cikin waɗanda take ɗauke da nauyinsu ba. Wai uban haihuwa ko ba gida ɗaya suke ba ana lissafa shi, amma uban riƙo sai ya shekara cur a gidan. Na tambaye shi me zai rubuta a gurbin dangantaka. Ya ce, babu.

Hajara ta ce in bar maganar, ba ta rage ta da komai ba. Na ƙi. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, wannan babun ce.

Na uku. Ba yawo ya kai ni ba. A ƙauyenmu mu uku muka rage da muka san wa ya haifi wa, da inda gonar kowa ta tsaya. Biyun ba sa gani sosai. Ina so in sake taka gonar uban Hajara daga tsamiya zuwa bakin rafi, in nuna wa yaran gidansu. Ina so in ji ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, ba ta waya a ba ni labari ba. Yanzu kuma an ce in zaɓa: ko in ga gida, ko takarda ta san ni.

Roƙona, ranka ya daɗe, a buɗe gurbi a rubuta uban riƙo. In ana son shaida, mutanen masallacinmu suna nan. Damina mai zuwa dai zan tafi, da yardarku ko babu. In ajali ya same ni a can, a ƙofar Hajara za a shimfiɗa tabarmin gaisuwa, kuma ba wanda zai tambaye ta takarda.

Allah ya ba ka lafiya da iya riƙon jama'a, ya ba ka mai jin ƙanka ranar tsufa.

Wassalam.
Baban Hajara