Murna Kafin Ranarta

Litinin, 2 ga Satumba

Gida na bakwai a shekara goma sha ɗaya da aurenmu. Wannan karon Jamus, wani ƙauye mai coci ɗaya da gidan burodi ɗaya, tafiyar minti ashirin daga sansanin sojan da mijina Lamar yake gyaran jiragen sama. Kayanmu suna kan teku har yanzu. Katifun aro, cokula uku na aro. 'Yarmu Marnie ta zaɓi ɗakin da tagarsa ke kallon daji, ta ce mai shekara bakwai ta isa ta zaɓa.

Tun da muka sauka ban farka sosai ba. Jikina yana nan, barcina yana can gida Jojiya wurin Mama. Da safe hazo yakan kwanta a gonaki har ya haɗiye ƙafafun shanu, sai ka ga kawunansu kawai suna yawo. Ƙararrawar coci ta buga, na tsaya riƙe da kofi ina ƙoƙarin tuna a wace ƙasa nake.

Lahadi, 8 ga Satumba

Mai gidan, Frau Altherr, a ƙasa take zaune, mu a sama. Shekararta saba'in da takwas, gajeruwa, kullum da tsintsiya a hannu. Shekara arba'in tana ba sojojinmu haya, a bakinsu ta koyi Turanci, har da zagin da ba ta san zagi ba ne. Ta kawo mana kek, ta dubi Lamar sama da ƙasa ta ce ya yi tsawo da yawa, zai fasa mata fitilar matakala. Shi kuwa har ya fara ce mata ranki ya daɗe.

Tana burge ni, amma ba zan saba da ita ba. Na san ƙarshen sabo.

Alhamis, 19 ga Satumba

Takardar tura shi aiki ta fito. Lamar zai tafi 11 ga Oktoba, wata shida, wurin da ko a nan ba zan rubuta sunansa ba. Ko labule ban rataya ba.

Na kira Mama. Ta ce me zan zauna yi ni kaɗai da yarinya a garin da ko gishiri ban iya tambaya ba, in tattaro in taho gida. Na ce to tun kafin ta rufe baki. Na kama mana kujera a jirgin 9 ga Nuwamba, lokacin kaya sun iso na jera su na rufe gidan.

Lamar bai hana ba. Ya ce duk yadda na gani, uwargida. Sai can yana wanke kwanuka, bai ko juyo ba, ya ce makaranta uku ke nan Marnie ta yi a shekara biyu, kuma jiya ya ji ta tana ƙirga matakala da Jamusanci. Na yi kamar ƙarar famfo ta hana ni ji.

Asabar, 5 ga Oktoba

Abin kunya yau.

Ranar haihuwar Lamar 14 ga Nuwamba ce, ba zai kasance nan ba, saboda haka muka yi masa bikin yau. Haka muka saba. Mun taɓa yin Kirsimeti a watan Oktoba, mun taɓa cin ranar aurenmu wata biyu kafin ta zo. Matar soja ba ta jiran rana, in ta samu mijin a gida sai ta jawo ranar ta kawo gabansa.

Na yi kek, Marnie ta jera kyandir talatin da shida, muka gayyato Frau Altherr. Ta hau da furanni, ta sa rigarta ta zuwa coci. Ta miƙa wa Lamar hannu ke nan Marnie ta ce ai ba yau ba ne, sai wata mai zuwa, muna yi ne tun da wuri.

Tsohuwar nan ta janye hannunta kamar ta taɓa tukunya mai zafi.

“Ba yau ba ne?”

Na yi mata bayani ina dariya. Ita ba ta yi ba.

“'Yata, a nan ba a yi wa mutum murna kafin ranarsa. Ko da kwana ɗaya. Ko da awa ɗaya. Mugun abu ake jawo masa.”

Lamar ya ce ranki ya daɗe, ai shi fatarsa kauri gare ta. Ta ce ta ga masu kaurin fata da yawa a wannan ɗakin. Ta ajiye furannin a kan taga ta ce na gida ne, ba nasa ba. Da muka fara waƙa sai ta sa ido a kan farantinta, bakinta a rufe gam. Kek kuwa ta ci yanka biyu.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Camfi ne. Na san camfi ne. To me ya sa tun safe nake bin Lamar da ido daga ɗaki zuwa ɗaki?

Bayan coci na same ta a lambu tana tsince tuffa. Na tambaye ta ko da gaske ta yarda da abin. Ta ce ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta taɓa gwadawa ba, kuma ba a kan ɗan mutane za ta fara ba. Sai ta miƙe tana dafe da baya.

“Wanda ya yi murna tun da wuri, kamar yana cewa bai tabbata za a kai ranar ba ne. Mu mukan zauna mu jira ta. In ta zo ta same mu.”

Gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha ɗaya ina kunna kyandir da wuri, ban taɓa gaya wa kaina dalili ba. Tsoro nake ji. Kullum tsoro nake ji.

Ta cika mini zanina da tuffa ta ce in yi sauri, za a yi ruwa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ya tafi. Ya buge kansa da fitilar matakala.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kaya sun iso tun makon jiya. Kwali sittin da ɗaya. Na buɗe na kicin kawai, sauran me zai sa, tun da saura kwana goma sha bakwai.

Da la'asar wasu manyan tsuntsaye suka wuce ta saman ƙauyen, layi bayan layi, suna kuka daga can nesa kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Kowa ya fito bakin gidansa ya ɗaga kai, har mai gidan burodi da garin fulawa a hannu. Na ji kamar ni ce nake tafiya a hankali, ni da titin da gidajen, su kuma suna tsaye a sama. Marnie ta kama hannun Frau Altherr, ba nawa ba. Kaka take ce mata yanzu.

Da suka ɓace tsohuwar ta ce mini ranar 14 ga wata, ƙarfe uku, in sauko mu sha kofi. Ita za ta yi kek. Tana da gaisuwar da ta riƙe a baki, kuma ba ta son ta mutu da ita.

Na ce ai mu 9 ga wata za mu tashi.

Ta ce to. Ta ci gaba da shara.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na ɗaga tafiyar zuwa 16. Na ce wa Mama saboda zagayen fitilu ne da yaran makaranta za su yi ranar 11, Marnie ta kwana biyu tana manna takarda tana haɗa fitilarta, ba zan hana ta ba. Ba ƙarya na yi ba. Mama ta ce hmm, irin hmm ɗinta.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kwana huɗu babu waya, babu saƙo daga Lamar. Matan sansani sun ce an rufe musu layi ne, an saba. Na san an saba. Na kuma san abin da yakan sa a rufe layi: sai in an rasa wani.

Kyandir talatin da shida. Da hannuna na kunna su tun kafin ranarsa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ƙarfe uku muka sauka. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur, ta fito da kofunan da ta ce na bikin aurenta ne. Kek a tsakiya, ba a yanka ba. Na ajiye wayar kusa da sukari.

Muka zauna. Agogon bangonta yana tafiya, ruwa yana bin gilashin taga, ɗakin yana ƙanshin kirfa. Ta ba Marnie labarin sojojin da suka zauna a sama, wanda ya ƙona mata labule, wanda matarsa ta haihu a kan matakala. Ina jin muryarta kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kofi ya huce, ta sake dafa wani. Na ce mata ko mu yanka kawai. Ta ce ranar ba ta ƙare ba tukuna, kuma sauri ya haifi nawa.

Biyar saura kwata wayar ta yi ƙara. Na kasa ɗauka. Marnie ce ta danna.

Muryarsa. A gajiye, tana yankewa, amma tasa. Ya ce uwargida, kuna ina ne haka na ji ƙarar cokula?

Kafin in buɗe baki Frau Altherr ta miƙe tsaye, ta gyara wuyan rigarta, ta sunkuya kan wayar kamar yana ciki.

“Dogo, yau ce ranar, kuma ka kai. Ina taya ka murna. Allah ya ƙaro wasu.”

Sai ya ce na gode, ranki ya daɗe, da wata irin murya da ban san shi da ita ba.

Na yi kuka a kan farin mayafin teburin mutane. Ta ce ba komai, yana wankuwa, in matso da farantina.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ruwa tun asuba. Jirgin ya tashi babu mu. Na buɗe kwali tara. Labulen gidanmu na baya sun yi wa tagogin nan gajarta.

Litinin, 2 ga Disamba

Dusar ƙanƙara ta farko, 'yar kaɗan, ta narke kafin azahar. Na je gidan burodi na tambayi abin da nake so da Jamusanci, matar ta ba ni shi, ba wani abu daban ba.

Mama ta kira. Gobe nake cika talatin da huɗu, ita kuma gobe tun da safe za su tafi taron matan coci, ta ce bari ta yi mini waƙar yanzu kada ta sha'afa. Ta ja numfashi za ta fara.

Na ce, “Kada ki faɗa, Mama. Ki bari sai gobe.”

Ta ce gobe da yau ai duk ɗaya ne. Na ce na sani, amma ta bari. Ko da yamma ne ta kira, ina gida, babu inda za ni.

Ina jin ƙarar talabijin ɗinta. Sai ta ce in aiko mata da awon tagogin, tana da yadi mai kauri da ta ajiye.

Ba wai na yarda da camfin ba ne. Na aika mata da awon.